Yaushe Ya Dace Sabuwar Manhaja Ta Rabu da Tsohon Tsari?

Tambaya: Malam, muna shirin fitar da sabon zubin manhajarmu, amma wasu gyare-gyaren za su hana manhajojin abokan hulɗarmu aiki. Mu ci gaba ne, ko mu haƙura?

Amsa: Ɗan'uwa, ku dubi tarihin Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta. A watan Disamba na 2008 aka fitar da Python 3, inda aka mayar da rubutu bisa tsarin Unicode, wanda ke ɗauke da haruffa irin su ƙ da ɗ, kuma raba 3 da 2 ya koma bayar da 1.5 maimakon 1. Gyaran yana da hujja, amma jama'a suka yi ta jan ƙafa wajen komawa sabon zubin, har aka ɗage ranar daina kula da tsohon, wato Python 2.7, daga 2015 zuwa 1 ga Janairun 2020.

A ganina, kada ku karya komai sai idan matsalar tana cikin tushen ginin, ta yadda faci ba zai magance ta ba. Idan haka ne, ku ɗaga babbar lambar zubin (kamar daga 2 zuwa 3), ku sa tsohon zubi ya riƙa nuna gargaɗi tun da wuri, sannan ku bayyana ranar da za ku daina tallafa masa.