Shawarar Lauya: Gidan Hutun da Muka Kama a Bakin Teku

Hajiya, na karanta wasiƙarki. Kun kama hayar ɗan gida na mako ɗaya a gaɓar teku a Ingila. Talla ta ce tafiyar minti biyar ce zuwa bakin ruwa, kuka tarar da kusan rabin awa, ga danshi ya ci bangon ɗakin yara, ruwan zafi kuma ya ɗauke kwana biyu. Yanzu kina neman kuɗinku duka. Ban ga yarjejeniyar ba, don haka ki ɗauki maganata da wannan sharaɗin.

Kwana 14 da ƙawarki ta ce doka ta ba duk wanda ya biya ta intanet, ki cire su daga lissafi. Dokar 2013 da ta ba da damar janyewa ba ta shafi masaukin da aka kama don wasu ranaku na musamman ba. Balle ma kun kwana bakwai cur a gidan. Da wuya alƙali ya ce a mayar da komai ga wanda ya ci moriyar wurin har ranar ƙarshe.

Abin da kike da shi, a ganina, ragi ne. A ƙarƙashin dokar kare masu saye ta 2015, abin da mai gida ya rubuta a talla yana iya zama cikin yarjejeniya, muddin sana'arsa ce kuma a kan maganar kuka dogara. "Minti biyar" magana ce da ake aunawa. "Gida mai sanyaya rai" kuwa daɗin baki ne kawai.

Inda nake jin tsoro shi ne ba ku kai kuka ba sai da kuka koma gida. Mai gidan zai ce da kun faɗa da ya turo mai gyara a ranar. Hujja ce mai nauyi, ko da yake mutumin da ya bar saƙonki uku ba amsa bai kamata ya cika baki ba. Hotunan bangon nan, in akwai kwanan wata a jikinsu, ki adana su.

Sauran sananne ne: wasiƙa a rubuce, da adadin da kike nema, da wa'adin mako biyu. In da katin bashi kika biya sama da fam 100, dokar bashin masu saye ta 1974 na iya ba ki damar bin bankin da ya ba ki katin, sai dai biya ta hannun dillali kan dagula wannan.

Kotun ƙananan ƙararraki tana sauraron abin da bai wuce fam 10,000 ba, amma tun Mayun 2024 galibi sai an fara zaman sulhu ta waya, kuma ko kin yi nasara ba a cika mayar da kuɗin lauya ba. Tunda can ma sulhun za a tura ku, ki fara nemansa yanzu. In mai gidan ya miƙo kuɗin kwana biyu, ni dai ba zan yi saurin ƙi ba.