Murhun Pelet a Sanyin Italiya: Zai Mayar da Kuɗinsa?

Wani ɗan'uwa mai shagon kayan abinci a Brescia, arewacin Italiya, ya aiko da tambaya. Ya ce kuɗin gas na ɗumama gida yana cinye masa ribar hunturu, maƙwabcinsa kuma ya ce masa ya sayi murhun pelet. Yana so ya san ko ya ciri kuɗin daga jarin shago.

Alhaji, murhun abin arziki ne, ban raina shi ba ko kaɗan. Pelet garin katako ne da aka matse ya zama 'yan guntaye masu kaurin milimita 6, kamar abincin kaji na kamfani, ana sayar da shi a buhun kilo 15. Ka juye buhu a cikin murhun ta sama, wani ƙarfe mai murɗi ya riƙa sako su kaɗan-kaɗan cikin kaskon wuta, kana jin faɗuwarsu ƙwas-ƙwas, fanka na hura ɗumin cikin falo. Kana iya saita shi ya kunna kansa kafin asuba. Mai kyau yana ba ka kusan kashi 90 cikin 100 na zafin abin da ya ƙona, tokarsa kuwa 'yar kaɗan ce.

Lissafin ba wuya. Kilo 2 na pelet na ba da zafin kusan kubik mita 1 na gas, buhu ɗaya ya tsaya a madadin kubik mita 7 ke nan. Ɗauko takardun gas na bara daga Nuwamba zuwa Maris, ka tara kubik mitan da ka ƙona, ka cire na girki da ruwan wanka, don murhun pelet mai hura ɗumi ba ya ɗauke maka waɗannan. Abin da ya rage ka raba shi gida 7, ka ninka da kuɗin buhu. Ratar da ka gani tsakanin wannan da kuɗin da ka biya na wancan gas ɗin ita ce ribarka ta shekara. Daga ciki ka ware kuɗin ma'aikacin da zai zo duba murhun da share bututun hayaƙi duk shekara, da ɗan lantarkin da yake ci, domin in wuta ta ɗauke shi ma ya tsaya.

Abin da ya fi damuna da tambayarka shi ne ba ka faɗa mini ko gidan naka ne ba. Dole bututun hayaƙi ya fita ta saman rufi, ba a yarda a huda bango a sake shi ba, kuma aikin bututun nan wani sa'in yana kamo kuɗin murhun kansa. In haya kake, kada ka yi, ginin wani za ka gyara da guminka. In naka ne kuma kana da niyyar zama shekara biyar ko fiye, saya, amma daga riba. Jarin da ke juyawa a shago kowane wata kada a binne shi a abin da sai bayan shekaru zai dawo.

A yankinku na Lombardiya ba a kafa sabon murhu sai mai tauraro 4 zuwa sama a ma'aunin ƙarancin hayaƙi, pelet kuma sai mai lambar A1, wato mafi inganci. Nemi tambarin ENplus, shaidar ingancin pelet, a jikin buhu. Mai arha marar tambari toka ce da toshewa. Tallafin gwamnati na Conto Termico yana kai wa kashi 65 cikin 100, sai dai an yi shi ne don masu canza tsohon abin ɗumama gida, ka tambayi mai kafawa ko ka cancanta tun kafin ka biya.

Sayen pelet kuwa, yi shi yadda ake sayen hatsi da kaka. A 2022, bayan Rasha ta shiga Yukren, kuɗin buhu ya ninka, waɗanda suka jira sanyi ya shigo suka sha wuya. Ka ɗauki lodi guda, buhu 65 zuwa 70, tun watan Yuni ko Yuli, ka jera a kan katako inda danshi ba ya kai. Buhun da ya sha ruwa kumbura yake ya koma gari, murhu ba ya iya cin sa.