Yawan alloli a duniyar ƙirƙira

Malama, kin ce alloli 12 da kika tsara wa ƙagaggen labarinki suna rikita masu karatu, kina tambaya ko ki rage. Ki rage, 5 ko 6 sun isa.

Fara da abin da mutanen ƙasar ke tsoro. In ƙasar duwatsu ce mai ƙarancin ruwa irin Damagaram, mai rijiyoyi ne babba, ayarin fatake kuma su nemi mai tsaron hanya. Kowanne ki ba shi aikinsa, hadayar da yake karɓa, da abin da ya hana. Hanin nan shi ne gishirin labarin: in an hana jan ruwa bayan faɗuwar rana, wa ke hukunta wanda ya ja? Su wa ke cin naman hadaya? Nan rikici yake fitowa.

Kada biyu su haɗa aiki ɗaya, mai karatu zai cakuɗa su. Sunayen ma su bambanta a harafin farko. Kuma don Allah kada ki ari sunayen iskokin bori kamar Inna ko Sarkin Rafi, masu karatunmu za su ɗauka bori kike rubutawa.