Haƙoran da ke fitowa a takardar ECG in an tada janareta

Ɗana, tambayarka ita ce me ya sa layin ECG, wato zanen lantarkin bugun zuciya, ke fita sumul in akwai wutar gari, amma da an tada janareta sai ya yi haƙora kamar zarto, alhali ka kunna matacin 50, wato abin da ke tace hayaniyar wutar lantarki daga layin.

Fara ɗaukar takardar ka ƙirga. Tana tafiya milimita 25 a daƙiƙa, ke nan ƙaramin gida ɗaya daƙiƙa 0.04 ne. In haƙoran a jere suke, wajen biyu a kowane gida, daga lantarki ne, don a nan Sudan wutarmu zagaye 50 take yi a daƙiƙa. In kuwa barkatai suke, jikin mara lafiya ne ke makyarkyata, kuma wannan ba aikin mataci ba ne.

Bugun zuciya a fata bai fi milibolt 1 ko 2 ba, wayar bango kuwa bolt 230 ke cikinta, don haka ɗan abin da ya tsallako ya isa ya ɓata layi. Matacin da ka kunna an kafe shi a kan 50, kuma bakinsa siriri ne. Janareta irin na asibiti sai ya yi juyi 1500 a minti yake ba da 50. In kaya ya yi masa nauyi ya sauko 1440, to 48 yake bayarwa, hayaniyar ta bi ta gefen mataci ta wuce abinta. Kada ka ce za ka faɗaɗa bakin. Zai ci tsinin QRS, wato dogon tsinin da kowane bugun zuciya ke yi a layin, ya bar 'yar rawa a bayansa, likita ya karanta abin da zuciya ba ta yi ba. Af, in na'urar 'yar gwanjo ce daga Jidda, duba saitinta, wutar Saudiyya 60 ce.

Maganin wannan shi ne mataci mai bin sahu, wato wanda ke bin wutar duk yadda ta sauya. Shi ba ya zaton komai. Ƙofa biyu gare shi: ɗaya siginar mara lafiya, ɗaya samfurin wutar da ke tafe a lokacin. Sai ya raba samfurin biyu, ya jinkirta ɗaya da rubu'in zagaye, wato digiri 90, ya ninka kowanne da wata lamba, ya haɗa, ya ɗebe daga siginar. Abin da ya rage shi yake dubawa: in da sauran hayaniya, ya ɗan motsa lambobin nan biyu, ya sake. Ko janareta ya yi sama ko ƙasa, samfurin na tare da shi. Lissafin sunansa LMS, Bernard Widrow da Ted Hoff suka fito da shi a Jami'ar Stanford a 1960, kuma a 1975 Widrow da abokan aikinsa suka nuna amfaninsa a kan ECG.

Inda gwaninta take shi ne girman takun da yake motsa lambobin. In ya yi ƙanƙanta, mataci ya yi ta jan ƙafa bai cim ma janareta ba. In ya yi yawa, duk QRS da ya zo sai ya firgita lambobin, layi ya lalace fiye da da. Ni na fi son ƙaramin taku, ko da zan jira 'yan daƙiƙu. Inbata da janareta marasa kyau kan ƙara wata hayaniya a zagaye 150, ita ma sai an yi mata nata.

Samfurin wutar bango kuma ba a taɓa haɗa shi da ɓangaren mara lafiya kai tsaye. Wannan maganar rai ce, kada ka gwada shi.

Duk da haka yawancin kiran da ake mana, mu masu gyara, ba ya kaiwa nan. Zafin Gadarif kan busar da man faifan ƙirji tun yana cikin leda. Sa sabo, goge fata, duba wayar ƙafar dama da wayar ƙasa, nisanta wayoyin daga na fanka da cajar waya. Gobe ka auna zagayen janaretan yana ɗauke da kaya, ka turo min lambar da hoton takardar.