Rimot makaho ne, sai ka nemo masa lamba mai magana ɗaya

Na ji tambayarka, kuma na ji daɗi da ka kawo ta maimakon ka je ka canza rimot. Ka ce ka koya wa babban rimot, wato mai sarrafa na'urori da yawa, maɓallan ƙananan rimot huɗu, na talabijin da na amfilifaya da na dikoda da na na'urar faifai, ka jera su a maɓalli ɗaya na kallon fim, ka gwada a gaban maigidan komai ya tashi daidai. Bayan kwana biyu sai ga kiransa: da ya danna, amfilifaya ta kunnu, talabijin kuwa ta mutu. Kana son sanin ko rimot ɗin ne ya samu matsala, da kuma inda ake samo lambobin nan da kake jin ina ambata.

Rimot ɗin lafiyarsa ƙalau, ɗana. Abin da ka ba shi ne ya faɗa. Rimot na infirared, hasken nan da ido ba ya gani, harbi kawai yake yi, ba ya gani, ba ya jin amsa. Shi kuma maɓallin wuta na rimot ɗin talabijin ba "kunnu" yake cewa ba, cewa yake "juya": in a kashe take ta kunnu, in a kunne take ta mutu. Mutum da ke zaune gaban talabijin bai taɓa damuwa da wannan ba, domin idonsa na gaya masa halin da take ciki kafin ya danna. Jerin umarnin da ka haɗa ba shi da wannan idon. Ranar da ka gwada, duk kayan a kashe suke, shi ya sa ka ga nasara. Ranar da maigida ya kira, wani a gidan ya riga ya kunna talabijin da hannu, sai jerinka ya zo ya juya ta. Haka nan maɓallin zaɓen mashiga, wanda ke zagayawa daga HDMI 1 zuwa 2 zuwa 3: in ba ka san inda ya tsaya ba, ba ka san inda zai sauka ba.

Maganin abin shi ne lamba mai magana ɗaya. A takardun kamfanoni za ka ga an rubuta discrete, kuma da wannan kalmar za ka yi bincikenka. Lamba ce da ke cewa "kunnu" kurum. In na'urar a kunne take, sai ta yi shiru abinta. Akwai ta "mutu", akwai ta "tafi HDMI 2" kai tsaye ba zagaye. Ko sau goma ka aika ta, sakamakon ɗaya ne. Kamfanoni da yawa sun zuba waɗannan lambobi a cikin ƙwaƙwalwar na'urar, amma ba su ba su maɓalli a jikin rimot ɗin da ke cikin kwali ba. To ka ga dalilin da ya sa koyarwa daga tsohon rimot ba za ta taɓa ba ka su ba. Abin da rimot bai taɓa furtawa ba, babu yadda za a yi wani rimot ya kwaikwaye shi.

Kafin ka fita nema, ina so ka fahimci yadda lambar take, don kada ka zama mai kwafe abin da bai sani ba. Kowace lamba abu uku ce: yaren da ake magana da shi, lambar na'ura, da lambar umarni. Yaren da za ka fi cin karo da shi shi ne NEC, mai tafiya a kan kilohaz 38, wato saurin ƙyaftawar hasken. Sony na da nata yaren a kan kilohaz 40, RC-5 na Philips kuma a kan 36. A yaren NEC, umarni bit 8 ne, kowane bit sifili ko ɗaya, wato gurbi 256, daga 0 zuwa 255. Ƙirga maɓallan rimot ɗin da ke hannunka, da wuya su wuce hamsin. Sauran guraben wasu babu komai a cikinsu, wasu kuma a nan abin da muke nema yake kwance.

Ga misali da za ka iya gwadawa. Talabijin ɗin Sony lambar na'urarta 1 ce. Juyin wuta 21, kunnu 46, mutu 47. Ta LG tana jin NEC, lambar na'ura 4, juyi 8, kunnu 196, mutu 197. Ta Samsung lambar na'ura 7, juyi 2, kunnu 153, mutu 152. Amma ka yi hattara da wani rami da ya cinye wa mutane da yawa yini guda: takardu da dama suna rubuta lambobin da ƙidayar heks, mai tushe 16. A littafin LG, 196 ɗin nan C4 za ka gani, 197 kuma C5. Mai harafi ba ta ruɗar kowa. Wadda ke ruɗarwa ita ce irin 15, da za ka ɗauka sha biyar ce alhali a heks 21 take nufi. Duk takardar da ka ɗauka, fara tabbatar da irin ƙidayar da aka yi amfani da ita. Hanya mai sauƙi: nemi maɓallin da ka riga ka san lambarsa, ka kwatanta.

Ina ake samo su? Fara da littafin na'urar, cikakkensa da ke shafin kamfani a intanet, ba 'yar takardar cikin kwali ba. Ka leƙa can ƙarshe, wajen da ake bayanin sarrafa na'ura daga waje, kusa da bayanin RS-232, wato sarrafa ta da waya. Masu ƙera amfilifaya irin su Denon da Marantz da Yamaha da Onkyo sun saba fitar da jadawalin lambobinsu domin masu haɗa kaya, kuma a ganina su ne suka fi kyauta wa sana'ar nan. In ba ka samu a nan ba, duba rumbun babban rimot ɗin kansa. Sau da yawa lambar na ciki, ba a ɗora ta a kan maɓalli ba ne kawai. Rumbun Harmony, babban rimot na kamfanin Logitech, ya yi suna a wannan fanni, ko da yake Logitech ta daina ƙera rimot ɗin a 2021. Kamfanin Global Caché ma yana da babban rumbu. In samfurin da ke gabanka bai fito ba, kada ka karaya, gwada na yayansa ko ƙanensa daga kamfani ɗaya, domin manyan kamfanoni sukan riƙe lambobi iri ɗaya shekara da shekaru. Inda wannan dabara ba ta ci shi ne talabijin mai araha da wata masana'anta ta ƙera aka manna mata sunan wani. Sunan da ke goshinta daban, yaren da take ji daban.

Yawancin abin da za ka samu zai zo maka a dogon layin heks da ake kira Pronto, sunan wani rimot na Philips da tsarin ya samo asali daga gare shi. Kada tsawonsa ya firgita ka, kalmomi huɗun farko su ne kan magana. In ka ga 0000 006D 0022 0002, ta farko na nufin ɗanyen sigina ne, ta biyu ita ce saurin ƙyaftawar hasken, kuma 006D kilohaz 38 ke nan. Da 0067 ce, da 40 ce. 0073 kuma 36. Ta uku adadin tagwayen haske da shiru da ake aikawa sau ɗaya, 22 a heks wato 34, wanda shi ne tsawon saƙon NEC. Ta huɗu kuma adadin tagwayen da ake ta maimaitawa in an riƙe maɓalli. Da ka iya karanta wannan, kallo ɗaya za ka yi wa lambar da aka ce ta Sony ce ka ga 006D ka san akwai abin dubawa. In kuwa lambobi uku kawai ka samu, yare da na'ura da umarni, manhajar IrScrutinizer kyauta ce, za ta gina maka layin Pronto tsaf, wanda ya fi na koyarwa tsabta.

Na san abin da zai zo maka a rai: tunda gurbi 256 ne, me zai hana a bi su ɗaya bayan ɗaya? Ana yi, ni ma na yi, kuma na samo lambobi ta haka. Amma bari in gaya maka abin da ya same ni. Ina zaune gaban talabijin ɗin wani bawan Allah ina harba lambobi a jere, ina sauri, ban tsaya ina duban kowace ba. Sai allon ya cika da ƙananan rubutu na masu gyara a masana'anta, kafin in ɗauke hannu lamba ta gaba ta shiga ta canza wani abu a ciki. Launin hoton ya koma kore-kore. Na kwana biyu ina neman ainihin saitin, mutumin kuma ya ba ni amanar kayansa ne. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Saboda haka in dole sai ka bi guraben, ka yi da sanin mai kaya, lamba ɗaya, ka tsaya, ka duba, ka rubuta. Ka ga allon da ba ka gane ba, cire wuta daga bango, kada ka danna komai. Kuma ka bi su sau biyu, sau ɗaya na'urar na kunne, sau ɗaya tana kashe, domin lambar "kunnu" ba za ta nuna kanta ga talabijin da ke kunne ba.

Wata na'urar kuwa ba ta da su sam, ko ka kwana nema. A nan sai dabara. Na'urorin faifai da yawa suna farkawa in an danna maɓallin fara wasa, to ka samu "kunnu". "Mutu" kuma sai ka aika fara wasa, ka ɗan jira, sannan ka aika juyi: ka tilasta mata ta kasance a kunne kafin ka juya ta. A mashiga, wasu talabijin suna komawa tashar eriya in an danna lambar tasha, daga nan sai ka ƙirga zagaye zuwa inda kake so. Wato ka nemi turke guda da ka tabbatar da shi, ka auna daga nan. Dikoda da ta ƙi duk wannan, bar ta a kunne, ka cire ta daga jerin.

Ko ka samu lambar daidai, abu kaɗan na iya sa ka zarge ta a banza. Talabijin da ta tashi yanzu ba ta sauraron kowa sai bayan wasu daƙiƙu, don haka sa jinkiri tsakanin "kunnu" da zaɓen mashiga, ka auna shi da agogo daga sanyi, bayan ta daɗe a kashe. Majigi ya fi kowa nawa, wasu ma sai an aika musu "mutu" sau biyu. Kayan Sony suna son a maimaita saƙo aƙalla sau uku kafin su yarda. RC-5 kuma yana da bit guda da ke sauyawa duk dannawa, shi ya sa maɓallin da aka koya yakan yi aiki sau ɗaya ya ƙi na biyu. Sannan ga CEC, wanda ke bi ta wayar HDMI kayan suna ba juna umarni a bayan idonka. Samsung na kiransa Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync. Ni nakan kashe shi in rimot ne zai riƙe ragama, sai fa in sautin talabijin na komawa amfilifaya ta wayar HDMI, abin da ake kira ARC, wanda galibi ke buƙatarsa. A nan sai ka bar shi, ka kashe sashen wuta da na canza mashiga kawai in na'urar ta ba da dama. Kuma kafin duk wannan ka tabbata na'urar na jin infirared ma tukuna, don wasu ƙananan na'urorin kallo ta intanet da Bluetooth ko Wi-Fi suke aiki.

Gobe in ka koma gidan, ka fara ba maigidan haƙuri, ka gaya masa gaskiyar abin da ya faru. In ka sa sababbin lambobin, kada ka gwada daga kashe kaɗai. Kunna talabijin da hannu ka bar amfilifaya a kashe, ka danna. Juya su, ka danna. Kai talabijin mashigar da ba ita ba, ka danna. Danna sau biyu a jere. Sannan ka tare gaban rimot da tafin hannunka a tsakiyar jerin, yadda wani zai gitta ta gaba, ka sake dannawa ka ga ko komai ya dawo hanya da kansa. Ka ɗauko mini cikakkiyar lambar samfurin dikodar daga takardar da ke manne a bayanta, ita ce nake zargin za ta ba mu wahala.