Ku Tambaya Mu Amsa: Wane kan jirgi zan sa a sayo ma yarona?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina wuni ya iyali ya zahi. Ni mai karanta wannan fili ne daga unguwar Ali Ɗan Sofo nan Maradi. Ƙanena da ke aiki Faransa ya zo bakansi bara ya kawo ma yarona ɗan shekara 7 jirgin ƙasa na wasa irin manyan nan, da dogonshi na ƙarfe da tarago biyu da transfo, an rubuta LGB a kwalin. To kan jirgin irin na da ne mai bututun hayaƙi kuma ƙannenshi sun riga sun gama da shi. Yanzu yaro ya tasa ni gaba shi sai mai gazuwal irin wanda aka ce zai taho daga Kano, ƙanen nawa ya turo hoto biyu ta WhatsApp ɗaya dogo ƙato na Amurka an sa SD40-2 ɗayan kuma ɗan guntu mai ƙafa huɗu. Ni dai gaskiya babban ya shiga raina. Wanne zan ce ya sayo, kuma shi gazuwal ɗin ta ina ake zuba mishi?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, lahiya lau, Allah ya raya mana su. Bari in fara da ta ƙarshen don kar a yi ɓarna: ba a zuba mishi komi. Sunan gazuwal ɗin na siffa ne kawai, cikinshi ɗan moto ne na lantarki, ko ya sha wuta ta dogo ko ta batir. Ai ko manyan na gaske yawancinsu haka suke, injin gazuwal yana juya janareto ne, lantarkin shi ke juya ƙafafu.

Sai batun zaɓi, kuma ba zan ɓoye maka ba, guntun za ka ce ya sayo. Na san babban ya hi kyan hoto amma kai ya burge ba yaron ba, kuma dogon da ke gidanka ba zai ɗauke shi ba.

Ɗauko abin awo ka auna tsakanin ƙarfe biyu na dogon, za ka samu milimita 45. Wannan shi ake kira girman G, kamfanin LGB na Jamus ne ya hito da shi a 1968. Inda mutane ke ruɗewa shi ne faɗin dogon ɗaya ne amma jiragen da ke hawa kai ba awonsu ɗaya ba. Na LGB an rage na gaske sau 22.5, wato milimita 45 ɗin tana matsayin dogo mai faɗin mita 1, irin wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso aka buɗe a 2016 wanda har yau bai zama hanyar matafiya ba. Na Amurka kuwa da yawansu sau 29 aka rage, wasu sau 32, su suna kwaikwayon dogo mai faɗi ne na milimita 1,435, irin wanda ake ginowa daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa nan, kilomita 284, wanda aka aza harsashinshi a Fabrairun 2021. To ka ga ta wannan gefen yaron yana da gaskiyarshi, babban ya hi kama da abin da muke jira. Amma kama ba ita ce matsalar ba.

Matsalar kwana ce. Dogon da ke zuwa cikin kwalin farko na LGB shi ne mai kwana mahi matsi, suna ce mishi R1, guda 12 za ka haɗa su zagaye su ba ka da'ira mai faɗin mita 1 da santi 20. SD40-2 na gaske tsawonshi kusan mita 21 ne da ƙafa 12, in ka rage sau 29 ya haura santi 70, to ka yi tunanin abu mai wannan tsawo yana son shan kwanar da tabarma ɗaya ta rufe ta, kamar ka ce tirela ta juya cikin lungun Mokoyo ne, ko dai ƙafafun gaba su hau kan ƙarfe ya sauka, ko gindinshi ya yi waje ya fizgo taragon farko ya kayar. Irin waɗannan suna son da'ira mai faɗin wajen mita 2 da rabi, ma'ana sai ka sake sayen dogo gaba ɗaya, kuma dogon nan na tagulla ne, ba araha gare shi ba ga nauyi wajen aikowa. Ban da haka ɗan transfon kwalin farko wajen amfiya 1 yake badawa, ya ishi ƙaramin kai, babban mai moto biyu da fitilu zai riƙa sa shi yana zahi yana yankewa. Ka tuna Yuro 1 sefa 655 ne da ɗoriya, duk Yuro 100 da ƙanenka ya ƙara jikka 65 ce ta tahi.

Shi kuwa guntun mai ƙafa huɗu irin na jan tarago cikin tasha ne. LGB na da irinshi da ake kira Schöma, kamfanin Piko shi ma na Jamus yana da ɗan guntu da ake kira GE, wanda na gaskenshi ke da nauyin tan 25. Ba ruwanshi da matsin kwana, yaro ɗan shekara 7 zai iya ɗaga shi ya ɗora ƙafafun kan dogo da kanshi ba sai ya jira ka dawo daga kasuwa ba, kuma wannan a wurina ya hi komi, don wasan da sai baba na nan ake yi ba ya kwana uku. Ga shi ba shi da tarkacen ƴan ƙarahuna da madubai da tsani masu ɓallewa. Manyan masu ado da yawansu in ka duba kwalin za ka ga an rubuta shekara 14 zuwa sama, ba don komi ba sai ƙananan abubuwan da ke jiki, kai kuma ka ce akwai ƙanne a gidan, mai rarrahe komi baki yake kaiwa.

Yanzu ga abin da ƙanenka ba zai tuna ba tunda ya daɗe can: ƙurarmu. Wanda ke shan wuta ta dogo sai ƙafa ta taɓa ƙarfe mai tsabta, a Jamus su ganye da danshi ke damunsu, mu nan daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka goge da sahe kahin azahar hazo ya sake shimfiɗa tabarmarshi, sai ka ga jirgi na tahiya yana tsayawa yana tari fitila na ƙyaftawa, yaro ya tura da hannu, turawar nan kuma ita ke cinye haƙoran giyar da ke ciki. Shi ya sa in da hali ya nemi mai batir da telekomand, Piko na yin guntun nasu a haka. Ba goge dogo kullum, ba jiran a maido kuran, ba waya kwance a tsakar gida. In kuma na dogo aka samu ba laihi, wutar da ke kan ƙarhen ba ta wuce bolt 24 ba, ba ta yi ma yaro komi ko ya dafa, transfon ne dai ya zauna ɗaki nesa da ruwa. Tsumma da ɗan alkol na kemis ya isa gogewa, kar a sa samfefa. Mai kuma ɗigo ɗaya, in ya yi yawa ya haɗu da rairayi sai ya koma maganin niƙa giya. Kuma in wani abu ya zo da transfon Amurka kar ka soka shi a bango, na 120 ne mu kuma 220 gare mu, nan take zai yi hayaƙin da mai gazuwal ɗin bai yi ba.

Ka ce ya duba ƙugiyar jan tarago kahin ya biya. Taragonka na LGB ƙugiya da zobe gare su, na Amurka wasu kan zo da wata iri mai kama da hannu a dunƙule, ba sa kama juna. Mai sauti da na'urar dijital kuma a bar shi sai yaro ya girma. Na hannu ma yana yi in ƙafafun ba su cinye ba, kayan nan suna da ƙarko.

In za ku shimfiɗa a tsakar gida ku daidaita ƙasa, hawa kar ya wuce santi 3 a kowace mita. Dogon yana jure rana, amma kan jirgin a shigar da shi ɗaki, ranar Afrilu ba ta san robar Jamus ba. Ni da zan ba da shawara ma dogon a kwashe da magariba, in jar akuya ba ta tattake ba to ƴan gwangwan sun san tagulla.

TAMBAYA: Malam mu da ba mu da ƙane a Turai fa, yara su yi ta kallo kenan? Daga wata uwa a Sabon Gari.

AMSA: A'a Hajiya. Akwai na batir masu dogon roba da ake yi a Sin, wasunsu ma faɗinsu milimita 45 ɗin ne, in kin samu a kanti ko wajen masu kayan Beljik ki auna ki gani, ki sa mai shagon ya sa batir ya kunna a gabanki ya zagaya ko sau uku ne da taragon a maƙale. In dogon robar ya karye kar ki yar da kan, tunda ba ta dogo yake shan wuta ba kafinta zai iya kafa miki siraran katako biyu kan allo, ki dai ba shi kan jirgin ya gwada kahin ya buga ƙusa ta ƙarshe.