Amsa ga mai tambaya kan lokacin da ya fi dacewa a sayar da gida a bakin garin Maraɗi

Assalamu alaikum, Malam. Na ga tambayarka, cewa an yi maka canjin wurin aiki zuwa Yamai, kana da gida mai ɗaki uku da falo a bakin gari, can bayan unguwar Ali Ɗan Sofo, kuma kana son sanin ko ka saka shi kasuwa yanzu da damina ta kankama ko ka dakata sai rani. Ni ba dillali ba ne, tsohon malamin lekol ne, amma na sayar da gidana na farko da hannuna, na tsaya a kan sayar da gidan gadonmu, an kuma sha kira na shaida a cinikin gidajen maƙwabta, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Shawarata ita ce ka bar mutane su ga gidan a cikin damina, amma kada ka sa ran karɓar kuɗi mai kyau sai daga Nuwamba zuwa Janairu. A garin nan lokacin da mai saye yake gamsuwa da gida daban ne, lokacin da kuɗi suke hannunsa kuma daban, kuma yawancin masu yin asara sun yi ta ne domin sun ɗauka lokaci guda ne.

Bamaraɗe ba ya wasa da maganar ruwa. Garin da muke ciki a kan tudu yanzu, ai ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ce ta tayar da shi daga kwari, kuma ruwan da aka yi a ƙarshen Agustan 2024, wanda ya rushe gidaje ya kuma yi sanadin rasa rayuka, ya sabunta wannan tsoro a zukatan mutane. Tun daga nan, kafin mai saye ya tambaye ka yawan ɗakuna, sai ya fara tambayar ko ruwa yana kwanciya a layin. Sabbin unguwanni kuwa yawancinsu an yanka filayen an gina tun kafin a yi musu magudanan ruwa, hanyoyin rairayi ne, kuma layin da ka bi lafiya lau a watan Maris yana iya zama korama a watan Agusta. Idan gidanka a kan tudu yake, damina shaida ce da ba ka biya ta ko dala ba. Ranar da aka kwana ana ruwa, ka fita da sassafe da wayarka, ka fara ɗaukar bidiyo tun daga inda ka sauka daga kwalta har ƙofar gida, ka nuna tsakar gida, da gindin katanga, da indararo, da rufin kowane ɗaki daga ciki, da bakin shadda. Ka ajiye wannan, domin a watan Disamba, lokacin da ƙasa ta bushe kowane gida ya zama kamar na kan tudu, shi zai yi maka magana.

Wanda ya sayi gidana na farko sau biyu ya zo duba shi, kuma zuwan na biyu bai sanar da ni ba. Da safe ne bayan marka, na fito da buta sai na tarar da dattijo ya naɗe ƙafar wando, riƙe da takalmansa a hannu, yana dube-dube a bayan katanga. Bai ce mini komai kan kuɗi ba a ranar, gaisawa kawai muka yi ya tafi. Sai bayan wata huɗu ya aiko dillali da tayi.

Abin da ya sa bai taya a lokacin ba, shi ne abin da zai hana mafi yawan masu saye su taya naka yanzu. Daga Yuni zuwa Satumba kuɗin mutane suna gona, wajen taki da 'yan ƙwadago, hatsi yana tsadarsa, kuma ana fita daga wannan sai buɗe makarantu a watan Oktoba. Mai zuwa da kuɗi a hannu cikin wannan tsakani galibi mai neman wanda ya matsu ne, kuma da zarar ya ji an ce an yi maka canjin aiki, zai karya tayin ya zauna yana jiran ka gaji. Saboda haka kada ka bari dillali ya riƙa yawo da labarin tafiyarka.

Da an shiga kaka al'amarin yakan canja. An yanke gero, wake da gyaɗa da riɗi da aya sun shigo kasuwa, manyan manoma da masu awo da masu motocin ɗaukar kaya duk sun ga kuɗi, an biya basussukan damina. Ga sanyin hunturu ya sa kowane ɗaki ya yi daɗin shiga, hanya ta bushe, kuma mai saye ya san yana da watanni a gabansa na gyara ko ƙarin gini kafin ruwa ya dawo. Gida irin naka, wanda ma'aikaci ko matsakaicin ɗan kasuwa zai iya saye, kasuwarsa ke nan. Sai dai akwai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: manyan alhazai a lokacin kaka saye suke yi, ba sayarwa ba, kuɗinsu yana cikin buhunan da suka jibge a mangaza, kuma ba za su saki kayan ba sai farashi ya hau wajen bazara. Wanda yake da babban gida mai tsada, da sai in ce masa ya jira Afrilu ko Mayu. Kai ba ka buƙatar wannan jira, hasali ma bazara tana iya yi maka illa, domin idan rufinka kwano ne kuma ɗakunan ba su da tsawo, wanda ya shiga da azahar cikin zafin da ya haura digiri 40 ba zai ga komai ba sai hanyar fita. A lokacin ne kuma ruwan famfo yake rauni a unguwannin nesa, wuta tana yawan ɗaukewa. In ta kama dole ka nuna gida a bazara, ka sa a zo da hantsi, kuma in akwai itacen bedi a tsakar gida kada ka kuskura ka sare shi da sunan gyara.

Ka haɗa lissafinka da watan Musulunci. A 2025 an fara azumi a farkon Maris, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kwana 10 ko 11, wato a shekarun nan yana cin ƙarshen lokacin sanyi. Daga an ce saura mako biyu azumi hankalin magidanta ya koma kan sukari da gero, daga nan sai kayan sallah, sai kuɗin kujerar hajji, sai ragon layya. Shi ya sa na tsayar maka da Janairu ban ce Maris ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin damina da rani, wato iyaka. Arzikin Maraɗi yana rataye ne da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, wani abokina yana gab da sallama gidansa, an yi tayi an daidaita, mai saye ya ce a ba shi mako biyu kayansa su ƙetara. Ba a fara buɗe iyakokin ba sai Disamban 2020, kuma cinikin bai yiwu ba. Haka aka sake gani bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, ga faɗuwar naira da ta sa masu harka da Kano suka riƙe hannu. Kafin ka yanka wa gidanka kuɗi, ka zauna da 'yan kasuwa biyu ko uku ka ji yadda kaya suke tafiya. In suna kuka, ka sa ɗan haya na shekara guda ka tafi aikinka, gida ba tumatir ba ne.

Watannin nan na jira ka kashe su a kan takardu. Ka tabbata takardar filin da aka karɓo daga meri, wato ofishin magajin gari, da sunanka take, in kuwa har yanzu da sunan wanda ka saya a hannunsa take, ka fara neman canjin suna tun yau, domin aikin ofis ba ya sauri, kuma mai kuɗi a hannu ba zai jira ka wata biyu ba alhali ga gidaje ana nuna masa. An sha sayar da fili guda ga mutum biyu, shi ya sa masu saye suka koyi bincike. Ka kuma tsaya a kan dillali ɗaya ko biyu, ku yi maganar la'ada tun farko a gaban shaida. Gidan da dillalai biyar suke yawo da shi, kowa da kuɗin da yake faɗa, ba ya daɗewa mutane suke fara cewa lalle akwai abin da yake damunsa.

In kuwa ka san ruwa yana shiga gidan, to kada ka ɗauki maganata ta jiran rani a matsayin dabarar ɓoyewa. Mun taɓa yin wannan kuskure a gidan gadonmu, wanda yake gangare wajen gulbi. Wani daga cikinmu ya sa aka yi yaɓe da fenti, aka sayar a watan Afrilu, ni ma na sa hannu ban ce komai ba. A Agusta mai saye ya kira mu gaban mai unguwa, ya kai mu cikin ɗaki, ya sa makullin babur ɗinsa ya kankare fentin, sai ga tsohon layin ruwa a bango, daidai gwiwa, ƙarƙashin sabon da ruwan bana ya zana. Limamin da aka kira ya faɗa mana abin da muka riga muka sani, cewa a shari'a wanda aka ɓoye wa aibi yana da haƙƙin mayar da kaya. Da roƙo aka samu ya riƙe gidan muka mayar masa da wani kaso na kuɗin, bayan magada sun riga sun raba, wasu ma sun kashe nasu. Da mun faɗa tun farko mun rage kuɗin, da ragin bai kai abin da muka mayar ba.

Tun da tafiyarka za ta riga cinikin, kada ka bar gidan a rufe babu kowa. Gidan da ba mutum a bakin gari, cikin wata biyu ciyawa ta rufe tsakar gida, gara ta kama ƙyaure, wani lokaci ma a ɓalle wayoyin wuta da kawunan famfo. Ka sa wani ɗan'uwa da ka yarda da shi ya zauna a ɗaki guda, da sharaɗin zai tashi ranar da aka yi ciniki, ka ba shi wakilci a rubuce gaban shaidu. Kafin ka kama hanya kuma ka hau sama da kanka ka share bakin indararo, domin ganye da leda da suka toshe shi sun isa su sa rufi mai lafiya ya yi yoyo a marka guda.